Tsinken Gilashin da Aka Ce Yana Shan Jini

Shekarun baya, tun ba a haifi yawancinku masu karanta wannan ba, na taɓa watsa dogon layin mata da kalma ɗaya ta Faransanci. Ba zagi ba ce, ban kuma ɗaga murya ba. Da murmushi na faɗe ta, ina ganin na burge.

A shekarar tamanin da huɗu ne, zamanin mulkin soja, shekarar da damina ta ƙi mu. Ina da shekara ashirin da ɗaya, an ɗauke ni mataimaki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin gidan likita a Tahoua. Horon da na samu na 'yan watanni ne, kuma duk na hannu ne: ga yadda ake goge yatsa, ga yadda ake sokawa, ga yadda ake shafa jini a gilashi. Ba a koya mana dalilin komai ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da ya fi damuna a lokacin farar rigata ce. Da kaina nake wanke ta, in sa mata bula, in bi ta cikin kasuwa da ita ko da hanyata ba nan ta biyo ba, don dai a ce mini sannu likita.

Kafin sanyi ya shigo mutane sun cika bayan gari. Makiyaya ne daga arewa, Buzaye da Fulani, da manoman wajen Barmou da Affala waɗanda geronsu ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Suka kakkafa bukkoki da tabarmi da fatu da tsummoki. Mutumin da aka sani da garken raƙuma sai ka same shi da akuya biyu da butar shayi. Sojoji ne ke kula da rabon dawar agaji, mu kuma aka ce mu riƙa zuwa duba yara.

Shugaban ma'aikatanmu, wanda muke kira manjo, wani dattijo ne ɗan Damagaram, mai ƙarancin magana. Wata rana ya kira ni ya nuna mini kayan da wata ƙungiyar agaji ta kawo: wani ɗan inji mai juyawa, da kwalaye cike da siraran bututun gilashi. Kowane bai fi tsinken tsintsiya kauri ba, tsawonsa kamar ɗan yatsa, da rami a cikinsa wanda sai ka ɗaga shi sama kake gani. A jikin kwalin an rubuta tubes capillaires. Mu dai kapiler muke cewa.

Manjo ya soki yatsansa, ɗigon jini ya fito, ya ɗan karkata tsinken ya taɓa ɗigon da bakinsa. Sai ga jini ya kama hanya cikin gilashin, yana tafiya shi kaɗai, ba a zuƙa ba, ba a ja ba. Ya toshe ƙarshen da wani danƙo, ya sa a inji. Bayan 'yan mintoci ja ya koma ƙasa, ruwa-ruwa ya tsaya sama, ya aza tsinken a kan wata takarda mai layuka ya nuna mini yadda ake gane ko jinin mutum ya yi ƙasa. Ya ce aikina ke nan: in ɗebo a zangon nan na bayan gari, in kawo a juya.

Abin ya ba ni sha'awa matuƙa. Ranar sau uku na soki kaina don kallon jinin yana tafiya. Amma ko sau ɗaya ban ce wa manjo, me ke jan sa ba.

Washegari da hantsi muka kafa tebur a ƙarƙashin wata aduwa a bakin zango. Mata suka yi layi da 'ya'yansu. Yara huɗu na farko na yi musu a natse, hannuna ya rufe aikin, ba wanda ya lura da komai. A na biyar ne son a sani ya motsa mini. Na juya yadda layin zai gani, na buɗe hannu, na bar jinin ya bi tsinken a hankali kowa na kallo.

Wadda ke biye a layi wata matashiyar mata ce da 'yarta mai kamar shekara biyar. Yarinyar ba ta iya tsayuwa, a kafaɗa take, tafin hannunta fari kamar an wanke shi da toka. A bayansu akwai wani dogon tsoho mai rawani, kakan yarinyar, uban mijin matar. Matar ta ja da baya ta ce wa tsohon wani abu da Tamashek, yaren Buzaye. Shi kuma ya matso, ya sunkuya ya dubi tsinken, ya yi mini magana da Hausa mai kyau.

"Likita, allura mun san ta, da hannu aka jan ta. Wanga ba ka ja ba, ba ka tsotsa ba. Wa ya ja jinin?"

Na gyara wuyan riga na ce, "Baba, ai kapiler ne."

Ya maimaita kalmar a hankali, kamar yana ɗanɗana ta. Sannan ya ce, "Sunanshi ke nan? Shi abin da ke ciki?"

Na ce eh, sunansa ke nan. Ni tsinken nake nufi. Shi kuma abin da ke zaune a cikin tsinken yake nufi. Ya gyaɗa kai, ya juya ya faɗa wa surukarsa, ita ta faɗa wa ta bayanta. Ba a yi ihu ba, ba a yi gudu ba. Layin kawai ya riƙa narkewa, wannan ta tuna ta bar tukunya a wuta, waccan ta ce za ta dawo. Kafin rana ta take, daga ni sai tebur. Zuwa la'asar labari ya gama zango cewa likitoci sun zo da gilashi mai shan jinin yara, akwai wani abu a ciki, har likitan ya faɗi sunansa da bakinsa.

Da muka koma, wani soja da ke raka mu ya ce wa manjo abin ai mai sauƙi ne, gobe a haɗa gwaji da rabon dawa, wadda ba ta miƙa yatsan ɗanta ba ba ta da mudu. Manjo ya yi masa godiya ya ce a dakata. Ya ce idan aka yi haka yau za su miƙa yatsa, gobe su kwashe 'ya'yansu su shiga daji. Da sojan ya fita sai ya rufe ƙofa ya tambaye ni abin da na faɗa wa mutane. Na gaya masa. Ya tambaye ni ma'anar kapiler. Na nuna kwalin. Ya ce ya ga kwali, ma'anar yake tambaya, da kuma dalilin da jini ke hawa. Dole na ce ban sani ba.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ya hangi yarinyar nan da ke kafaɗar uwarta, kuma ba ya jin tana da kwanaki da yawa idan ba a yi wani abu ba. Babban asibiti ba zai ƙara mata jini ba sai da sakamakon gwaji, uwarta kuma ba za ta bari a taɓa ta ba sai an warware abin da na ƙulla. Ya ciro wani tsohon ƙamus na Faransanci daga aljihun tebur ya aje a gabana. Ya ce ni na ƙulla, ni zan kwance, ya ba ni zuwa jibi.

Ƙamus ya ƙara rikita ni. Ma'anar farko da ya ba ni ita ce abin da ya shafi gashi. Na sake duba rubutun kwalin, harafi bayan harafi, ko na yi kuskuren kalma. Ban yi ba. Sai na tuna inda na taɓa ganin kalmar: a jikin kwalbar man kitson yayata, wanda take saye a kantin wani ɗan Maradi. Na yi wajen rabin awa ina ƙoƙarin haɗa man kitso da jinin yatsa. Har na fara tunanin ko da gashi ake huda ramin tsinken tun gilashin yana da zafi. Ma'ana ta biyu ta ce ƙananan jijiyoyin jini. Ta uku ta ce bututu mai ƙanƙanen rami, ta kuma aika ni ga wata kalma 'yar uwarta mai nufin hawan ruwa a irin wannan rami. A can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa asalin kalmar daga Latin ne, kuma gashi take nufi.

Na koma wa manjo da batun jijiyoyi. Ya kama babban yatsana ya danne farcen har ya yi fari, ya saki. Nan take jan ya dawo. Ya ce abin da na gani shi ne jini ya fita daga ƙananan jijiyoyi ya sake cika su. Manyan jijiyoyin da nake gani a hannu kamar hanyar mota suke, su kuwa waɗannan su ne lungunan da ke kai abinci da iska ƙofar kowane gida a jiki, kuma a nan ne jinin da ya fito daga zuciya yake juyowa ya koma. Ya ce sun fi gashi siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ɗigon da nake ɗiba a yatsa ma daga cikinsu yake fitowa. Wato ina ɗiban jinin kapiler da tsinken kapiler, ban san ko ɗaya ba. Da na tambaye shi me ya sa jinin ke hawa, sai ya ce shi ma sunan abin ya riƙe, bayanin ya bar shi a lakwal, wato makaranta, tun tuni, in nemi mai koyar da shi.

Ina da aboki, malamin kimiyya a kwaleji, ɗan Dosso da aka turo Tahoua aiki. Na same shi da safe kafin ya shiga aji. Ya ji daɗin tambayar fiye da kima, ya cika mini rabin allo da lissafi da haruffan da ban taɓa gani ba. Na ce masa tsohon da zan yi wa bayani makiyayi ne, ni ma da ke tsaye nan ban fi shi gane wannan ba. Ya yi dariya ya goge. Ya ɗauko alli sabo ya tsoma bakinsa a kwalbar tawada. Shuɗi ya fara hawa farin allin a hankali. Ya ce alli cike yake da ƙananan ramuka, ruwa kuma yana da ɗabi'a biyu: yana son manne wa bangon wasu abubuwa kamar gilashi, yana kuma riƙe da ɗan uwansa. Na gefe ya kama bango ya hau, ya jawo na tsakiya. A cikin kofi mai faɗi na tsakiya ya yi yawa, ya yi nauyi, ba ya jawuwa. A rami siriri kuwa kusan duk ruwan na gefe ne, sai ya tafi gaba ɗaya. Iya sirantar ramin, iya nisan hawan.

A nan ne kalmar ta haɗe mini. Man kitso, jijiya, tsinken gilashi, duk gashi ne ya haɗa su: ɗaya na gashi ne, biyu kuma an kwatanta sirantarsu da gashi.

Da rana na koma gida cin abinci da tsinkaye goma a aljihu. Na zauna a inuwar zaure ina tsoma su a duk abin da na samu: ruwan randa, man gyaɗa, kunu, har da ruwan bula. Mahaifiyata tana gefe tana tankaɗe, tana kallona ta wutsiyar ido. Can ta ce, "Mi kaka yi haka tun ɗazu awa mai neman aljani?" Na yi mata bayani da duk abin da na kwaso, har da Latin. Ta karɓi tsinke ɗaya ta tsoma a ruwa, ta ɗaga ta duba.

Ta ce, "To wanga ai aikin lagwani na. Wa ka jan kananzir daga gindin fitila zuwa wuta? Ko bakin zanena in na tsaya wurin wanki, ba jiƙewa shikai har gwiwa ba?"

Na yini ina yawo tsakanin ƙamus da allo, ga shi ta gama da ni a numfashi ɗaya, hannunta duk gari.

Da na ba ta labarin abin da ya faru a zango ba ta yi dariya ba. Ta ce mutanen da suka rasa dabbobinsu, ba abin da ya rage musu sai 'ya'ya, dole su ji tsoron duk abin da ba su gane ba, kuma ni ne na yi rashin kunya da na amsa wa dattijo da yaren da ba ya ji. Ta ce in cire farar rigar nan in je kamar ɗan mutane, in yi sallama, in zauna, kada in fara da bayani. Ta ƙulle mini ganyen shayi da gutsuren sukari a ƙyalle, daga ɗan abin da take ɓoyo saboda baƙi.

Bayan la'asar na je. Na sami tsohon zaune a bakin bukkarsa yana gyaran igiya. Ya gane ni, ya amsa sallama ba yabo ba fallasa. Na miƙa ƙullin, na ce na zo ba da haƙuri ne a kan amsar da na ba shi jiya, don ni ma a lokacin ban san amsar ba. Ya jawo ɗan murhunsa ya hura gawayi. Surukarsa tana cikin bukka da yarinyar, ina jin numfashinta, gajere-gajere.

Sai da aka zuba shayi na farko muka sha, muka yi zancen inda suka fito da rijiyoyin da suka ƙafe. Da ya zuba na biyu na ɗauki ɗan gutsuren sukari na taɓa saman shayin da gefensa kawai. Jan shayi ya haye farin sukarin har ya iso yatsana. Na ce, "Baba, wa ya ja shi?"

Ya ce sukari ai haka yake, yana shan shayi. Na ce to akwai wani abu zaune a cikinsa? Ya yi ɗan murmushi a bayan rawani, ya gane inda na dosa. Na fito da tsinke sabo na miƙa masa, na ce ya tsoma da hannunsa. Ya tsoma a finjalinsa. Shayi ya hau kamar tsawon gaɓar yatsa ya tsaya. Na ce ya karkata shi. Ya karkata, shayin ya zarce.

Daga nan aikin ya fita hannuna. Ban taɓa ganin mai bincike kamar tsohon nan ba. Ya ce wataƙila abin yana son zaƙi ne, kamar yadda yake son jini, ya sa aka kawo ruwan salka, ya gwada, ya hau. Ya ce wataƙila don ina kusa ne, ya sa na koma can gindin wata bukka na juya baya, ya gwada, ya hau. Ya karya tsinke ɗaya gida biyu ya leƙa, ya busa, ya shinshina. Ya ciro karan ciyawa mai faɗin rami daga jinkar bukka ya tsoma, bai ga ya hau ba, ya tambaye ni dalili. Na faɗa masa zancen ruwa mai kama bango da jan ɗan uwansa, da lagwanin mahaifiyata. Ya ce lagwani ya sani, ya kuma san ramin da aka tona a gulbi da rani, yadda danshi ke hawowa cikin yashi sama da inda ruwan yake. Ya ce bai taɓa zaton abu ɗaya ne ba.

Maza huɗu ko biyar sun taru a kanmu. Ɗaya ya tambaya, to sunan nan da na kira fa? Na ce kalmar Nasara ce, ma'anarta mai kama da gashi, saboda sirantar ramin. Tsohon ya fassara musu. Sai wani ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Tsohon ya ce, "Ashe jiya gashi ya kore mu."

Na ƙara da cewa a jikin mutum ma akwai jijiyoyi masu wannan suna. Ya ce wannan ba sai na gaya wa makiyayi ba. Ya jawo akuyarsa ya buɗe fatar idonta ta ƙasa, ya nuna mini jajayen zare-zaren da ke ciki. Ya ce idan suka ga wurin ya yi fari, sun san dabba ta kusa kwanciya. Na ce manjonmu ya ce waɗanda ido ke gani yayyensu ne, na ainihin sun fi haka ƙanƙanta, amma hanyar ɗaya ce. Bai tsaya jin sauran ba. Ya saki akuyar, ya shiga bukka. Na hango shi ya durƙusa ya buɗe idon jikarsa. Ya daɗe a durƙushe.

Da ya fito ya miƙo mini yatsansa ya ce in fara da shi. Amma surukarsa ta yi magana daga ciki, ya fassara mini: ta ce ba shi ba, likitan ya fara da kansa. Na goge yatsana na soka, na cika tsinke, na miƙa mata ta riƙe. Ta jujjuya shi, ta dubi fuskata ko zan canza kama. Sannan ta fito da hannun 'yarta daga cikin zane. Na danne farcen yarinyar kamar yadda manjo ya yi mini, amma babu wani ja da zai gudu balle ya dawo. Jinin da ya shiga tsinken kamar ruwan wankin nama yake.

Da gudu na kai. Da inji ya tsaya manjo ya aza tsinken a takarda, ya dube shi, ya ce in nemo mota. Kafin magariba yarinyar tana babban asibiti. Aka ce sai jini. Ubanta ya yi kudu da ragowar dabbobi, ba a san inda yake ba. Uwar ita ma jininta bai ishe ta ba, kakan kuma ya tsufa. Aka gwada nawa ya dace. Na kwanta da ƙarfin hali, ina yi wa ma'aikaciyar bayanin jijiyoyi kamar ba jiya na koya ba. Da na juya na ga kwalba tana cika da jinina, sai ɗakin ya juya. Na farfaɗo ana yi mini fifita da kwali, tsohon yana tsaye a kaina yana tambayar ko likitan zai rayu.

Yarinyar ta tashi. Ba a kwana ɗaya ba, ta yi makonni ana ba ta magani da abinci, amma na gan ta da idona tana bin akuya da gudu. Layi ma ya dawo. Tsohon ne ke zama kusa da teburina da finjalin shayi, duk matar da ta yi turus sai ya miƙa mata tsinke ta tsoma da kanta. Sai dai ba duka suka dawo ba. Da muka bi bukka-bukka aka ce mana wata mata mai tagwaye, wadda ke cikin layin ranar farko, ta ɗaure kayanta tun a yammacin ranar ta bar zango. Ba wanda ya san inda ta nufa. Na yi ta tambaya har na gaji. Wannan yana cikin abin da nake roƙon Allah gafara a kansa har yau.

Wata rana bayan an sallami yarinyar, tsohon ya riƙe ni bayan aiki. Ya ce ya yi ta tunani. Tunda na ce iya sirantar rami iya nisan hawa, me zai hana a yi irin tsinken nan dogo, siriri ƙwarai, a haɗa dubu a ɗaure kamar dami, a zura a rijiya? Rijiyarsu ta arewa, in ji shi, sai raƙumi ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin guga ya fito, kuma raƙuman sun mutu. Ruwa yana nan a ƙasa, mai jan sa ne babu.

Gaskiya na ɗauka ya gano wani abu. Ban tsaya cin abinci ba na nufi gidan abokina. Ya saurare ni, ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi, ya girgiza kai. Ya ce ko da an iya yin ramin da zai kai ruwa har bakin rijiya, ba zai zubo ba. Abin da ya hau da shi shi ne zai riƙe shi, zai zo baki ya tsaya, ko ɗigo ba za a samu a kwano ba. Na gwada da guntun tsinke, wanda ya fi hawan ruwan gajarta. Haka ne, ya cika ya tsaya cak.

Na koma na faɗa wa tsohon, na nuna masa. Bai nuna ɓacin rai ba. Ya ɗaga kai ya nuna mini wani gawo a can nesa, kore shar a tsakiyar rani, ya ce, "To wancan fa, wa ka ba shi?" Na ce masa ban sani ba. Sai bayan shekaru na karanta cewa itace ma cike yake da irin waɗannan siraran hanyoyi, amma ganye ne ke sakin ruwa ga iska, wannan sakin shi ke jawo na ƙasa. Lokacin da na sani babu wanda zan kai wa amsar. Da ruwa ya sauka a damina ta gaba sun koma arewa. Ranar tafiya ya roƙi tsinke ɗaya, manjo ya ba shi uku, na zura masa su a cikin bututun biro da auduga don kada su karye. Ya sa a jakar fatar da ke wuyansa, ya ce tanemmirt, wato ya gode, ya tafi.

Na yi sama da shekara talatin a wannan aiki kafin in huta, na kuma horar da matasa da yawa. Abin da na ɗauka daga waɗannan kwanaki shi ne sanin sunan abu daban, sanin abin daban, kuma mai farar riga ya fi kowa sauƙin rikita su, domin ba a cika yi masa tambaya ta biyu ba. Ni Allah ya haɗa ni da wanda ya yi mini ta biyu da ta uku da ta goma. Shi bai taɓa shiga aji ba, amma a wurinsa na ga yadda ake gwada magana kafin a yarda da ita.

Batun rijiyar kuwa bai sake ni ba. Na san amsar, na san lissafin abokina daidai ne. Duk da haka, idan tafiya ta kai ni arewa na ga ana jan ruwa, igiya ta miƙe har raƙumin ya ƙanƙance a ido kafin guga ya leƙo, sai in tsinci kaina tsaye a bakin rijiyar ina sake bin zancen daga farko, ko akwai wurin da muka tsallake.